Ziyarar Iten, Garin da Ke Renon Zakarun Gudu

Duk mai bibiyar gudun yada ƙanin wani a talabijin ya saba da abu guda: in aka zo kilomita na ƙarshe, waɗanda suka rage a sahun gaba kusan kullum 'yan Kenya ne da 'yan Habasha. A Balin haka ne, a Landan haka ne, a Legas ma tun da aka fara gasarta a 2016 su ne ke kwashe manyan kyaututtuka. Bayani biyu aka fi ji a majalisu. Wasu su ce a jininsu abin yake, wasu su ce talauci ne ke korarsu. Ko ɗaya bai taɓa gamsar da ni ba, domin matalauta sun cika duniya, masu dogayen ƙafafu ma haka. Shi ya sa da hanya ta kai ni Kenya, na ware lokaci na nufi Iten, ƙaramin garin nan na gundumar Elgeyo-Marakwet da ya yi suna wajen fitar da zakarun dogon zango. Ina so in ga abin da ke tayar da matashi daga barci cikin sanyin asuba, shekara da shekaru, ba albashi ba alkawari.

Daga Nairobi zuwa Eldoret tafiyar kilomita 300 da 'yan kai ce a mota. Ana wuce Limuru kaɗan sai hanya ta raɓi gefen dutse, ƙasa ta buɗe a hannun hagu, ka hango gindin babban kwarin Rift can nesa, da gonakinsa da hayaƙin ƙauyukansa. Daga nan muka gangara Naivasha, muka ratsa Nakuru, mota ta sake kama hawa. A wajen Timboroa akwai allon da ke nuna an tsallake layin da ya raba duniya gida biyu, kuma a daidai nan ne fasinjoji suka fara ciro rigunan sanyi, domin tudu ya fi ƙarfin rana.

Eldoret gari ne na masara da alkama da madara, amma ba ka daɗewa a cikinsa za ka gane da kuɗin gudu aka gina wani sashe nasa. Direban da ya ɗauke ni daga tasha ya riƙa nuna mini benaye da otal-otal da makarantu, yana faɗin ɗan tseren da ya mallaki kowanne da gasar da ya ci. Babban filin wasan garin sunan Kipchoge Keino yake ɗauke da shi, ɗan sandan nan da ya kayar da Ba'amurke Jim Ryun a tseren mita 1,500 a gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968. A wannan gasar Kenya, shekara biyar kacal da samun 'yancin kai, ta ci zinare uku: na Keino, da na Naftali Temu a mita 10,000, da na Amos Biwott a mita 3,000 mai tsallaken shinge da ruwa. Yaran ƙauyukan ƙabilar Kalenjin ta wannan yanki da suka ji labarin a rediyo sun gane daga ranar cewa ɗan manomi irinsu zai iya tsayawa a gaban duniya a buga masa taken ƙasa. Keino bai ƙaura zuwa Turai ba. Ya zauna kusa da Eldoret yana noma, shi da matarsa suna renon marayu, inda kowa ke ganinsa.

Daga Eldoret zuwa Iten kilomita 35 ne ko kusa da haka, a cikin ƙaramar bas ɗin haya da suke kira matatu. A bakin garin an kafa wata babbar ƙofa a kan titi da ke yi wa baƙo maraba da zuwa gidan zakaru. Garin kansa ba shi da wani ƙyale-ƙyale: titin kwalta, kasuwa, shagunan kwano, 'yan acaɓa a inuwa, shanu a bakin hanya. Abin da ke kama ido shi ne jar ƙasa da ta ratsa ko'ina tsakanin gonaki, da kuma bakin tudun da garin ke zaune a kai, inda ƙasa ta yanke ta faɗa kwarin Kerio, zurfin fiye da mita 1,000.

Iten na kan tsayin kusan mita 2,400 daga teku, kuma jikin baƙo ne ke fara ba shi labari. Ɗan hawan da ke tsakanin titi da masaukina sai da ya sa ni tsayawa ina haki. Dalilin sananne ne: a wannan tsayi iska ba ta da nauyi, kowane numfashi yana shigar da iskar oksijin da ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan mutum ya zauna makonni, ƙodarsa takan ƙara fitar da wani sinadari mai suna EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin. Wanda ya yi horo a nan ya sauka Balin ko Shikago, zai ji iska ta wadace shi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ke kawo 'yan tseren Turai da Asiya su yi watanni a garin. To amma tuddai masu wannan tsayi suna nan a Nepal da Lesoto da ƙasashen Kudancin Amurka, ba su cika duniya da zakarun gudu ba. Ke nan akwai abin da ke Iten bayan iska.

Da asuba na fara ganinsa. Bayan na yi salla na fito bakin hanya, gari bai waye ba, sanyi yana ratsa ƙashi. Kafin ka ga mutane sai ka ji su: sautin takalma a kan jar ƙasa, a jere, ba mai magana. Ayari ya wuce, wani ya biyo, wani ya ɓullo daga lungu ya shige cikin na gaba. Maza da mata, wasu da sababbin kayan kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu, wasu da riguna da suka koɗe da takalman da aka ba su kwance. Ba ka iya bambance wanda ya taɓa cin zinare da wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke farawa. Sannu-sannu suke tashi, tafiyar da dattijo mai ƙoshin lafiya zai iya bi na ɗan lokaci, sai jiki ya yi ɗumi su riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Wani koci ya bayyana mini cewa babban kuskuren baƙi shi ne son nuna bajinta kullum. Su a wurinsu ranar sauƙi ta sauƙi ce, domin a samu ƙarfin da za a zuba gaba ɗaya ranar wuya.

Mako a Iten tsararre ne, kowa ya san shi ba tare da an liƙa takarda ba. Talata ta zagayen fili ce da agogo a hannu. Alhamis ta gudun sauri da sassautawa ce, wanda suke kira fatlek. Ƙarshen mako na dogon zango ne, kilomita 30 ko fiye. Lahadi coci da hutu. Tsakanin atisayen safe da na yamma ba abin da suke yi sai cin abinci da barci, kuma suna ɗaukar barcin a matsayin aiki. Abincin ma ba wani abin a zo a gani ba ne: tuwon masara da suke kira ugali, ganye, wake, shayi mai madara da sukari da yawa, wani lokaci da nono mai tsami da ake ajiyewa a gora, wanda Kalenjin ke kira mursik, shi ne kuma ake tarbar zakara da shi a filin jirgi idan ya dawo da lamba.

Ranar Alhamis na hau acaɓa zuwa mahaɗar da ake taruwa a bayan gari. Mutum fiye da ɗari na tarar, ba rajista, ba kuɗin shiga, ba mai tambayar sunan wani. Wani daga cikin manya ya ɗaga murya ya faɗi tsarin ranar, minti biyu da ƙarfi, minti ɗaya a sassauta, aka saita agogo, aka tashi. Muka bi su a baya cikin ƙura. A zagaye na farko kowa yana nan. Kafin a yi nisa ayarin ya fara miƙewa, na gaba suka yi gaba, wasu suka riƙa zamewa gefen hanya suna dafe da gwiwa. Ba wanda ya yi musu dariya, su ma ba alamar kunya a fuskarsu.

Ɗaya daga cikinsu, saurayi da bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ya zauna a gindin wata bishiya kusa da inda muka tsaya. Da numfashinsa ya daidaita muka gaisa. Ɗaki ɗaya suke haya shi da abokinsa, yayansa ne ke aiko masa da masara daga ƙauye, takalmin ƙafarsa kuwa wani babban ɗan tsere ne ya ba shi bayan ya gama da shi. Na ce masa, "Samari, ba ka taɓa cin ko sisi ba, me ke ba ka tabbacin wannan wahala za ta biya?"

Ya ce, "Baba, mutumin da ke jan ayarin nan maƙwabcinmu ne a ƙauye, tare suka yi kiwo da yayana. Ya ci gasa a Turai, ya gina wa mahaifiyarsa gidan dutse. Bara a kilomita 12 yake barina. Asabar ɗin da ta wuce sai da muka kai 20."

A cikin wannan amsa na ji abin da na zo nema. Saurayin nan bai dogara da jawabin ƙarfafa gwiwa ba. Ma'auninsa mutum ne mai jini da tsoka, wanda ya san gidansu, wanda yake ganin bayansa kowane mako yana kuma ganin tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa. Gani ya kori ji. Zakarun Iten ba su ɓuya a bayan katanga ba. Tare ake gudu da su, tare ake shan shayi, kuma al'ada ce wanda ya samu ya ɗauki nauyin na baya, ya ba shi takalmi, ya biya masa haya, ya haɗa shi da manajan da zai nema masa gasa a waje. Ranar da ƙarfin zuciyar mutum ya gaza, abokin ɗaki zai tashe shi, domin ana jiran su a mahaɗa.

Wannan al'ada da hannu aka dasa ta, kuma inda aka fi ganin tushenta shi ne makarantar sakandaren St. Patrick da ke cikin garin, wadda 'yan mishan daga ƙasar Ayilan suka kafa a 1961. A harabarta akwai bishiyoyi da aka shuka da sunayen tsofaffin ɗalibai da suka ci lambobi a manyan gasannin duniya, yara suna wucewa ta gindinsu kullum a hanyar aji. A 1976 wani matashin malami ɗan Ayilan, Colm O'Connell, ya zo makarantar don koyar da labarin ƙasa. Bai taɓa horar da kowa gudu ba. Ya fara ne da raka wani ɗan Ingila mai suna Peter Foster da ke kula da 'yan wasan makarantar, da wannan ya koma gida aikin ya faɗo kansa. Da kallo da sauraren yaran ya koyi sana'ar, kuma ya zauna a garin har tsufa, kowa na kiransa Buroda Colm. Ta hannunsa Peter Rono ya bi kafin ya ci zinaren mita 1,500 a Seoul a 1988, haka Matthew Birir da ya ci na tsallaken shinge da ruwa a Basalona a 1992, haka Wilson Kipketer da ya yi wa Denmak gudu ya kafa tarihin duniya a mita 800 a 1997.

Labarin David Rudisha ne ya fi nuna irin idon wannan malami. Rudisha Bamasaye ne daga Kilgoris, ɗan Daniel Rudisha da ya ci azurfa a tseren ba-ni-in-ba-ka a 1968. Yana yaro mita 400 yake gudu. Buroda Colm ya dubi tsawon takunsa da yadda yake riƙe jikinsa, ya ba shi shawarar ya gwada mita 800. A 2006 ya zama zakaran matasa na duniya. A 2009 ya faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta Balin, kocin bai sauya shi ba, shi ma bai sauya koci ba. Shekara ta gaba ya karya tarihin Kipketer, bayan mako guda kuma ya sake karya nasa, wato ɗalibin malami ya karɓi kambu daga ɗalibin malamin. Ranar 9 ga Agusta 2012 a Landan ya ja tseren Olamfik daga farko har ƙarshe, ba mai share masa hanya, ya gama a minti 1 da daƙiƙa 40.91, lokacin da aka shafe fiye da shekara goma ba a taɓa shi ba. Kocin nasa ba ya cikin filin a ranar. Yana Kenya, a talabijin ya kalla. Ya riga ya gina mutumin da zai iya yanke wa kansa shawara a gaban dubban jama'a, kuma a ganina wannan ne ƙololuwar aikin mai horarwa.

Babban alherin Buroda Colm ga garin shi ne buɗe wa 'yan mata ƙofa. A 1989 ya fara shirya sansanin horo lokacin hutun makaranta, ya sa 'yan mata a ciki a zamanin da iyaye da yawa ke ganin gudu ba na ɗiya mace ba ne. Sally Barsosio, wadda ta ci mita 10,000 a gasar duniya ta 1997, mace ta farko 'yar Kenya da ta yi haka, ta wannan hanya ta biyo. Daga baya Lornah Kiplagat, wadda ta yi wa Holan gudu, ta zuba kuɗin da ta ci ta gina cibiyar horo a Iten da nufin sama wa mata wurin da za su yi atisaye cikin natsuwa. Mary Keitany, da ta ci gudun birnin New York sau huɗu, a garin take zaune da iyalinta. Yau in ka tsaya bakin hanya da safe za ka ga mace ta gama kilomita 20 ta koma gida ta shirya yara makaranta, kuma ba mai waiwayen ta don mamaki.

Daga Iten na koma Eldoret na kama hanyar Kaptagat, wani yanki mai daji da sanyi, inda sansanin Patrick Sang yake. Sang shi ne ya zo na biyu a bayan Birir a Basalona, ya yi karatu a jami'ar Tekzas, ya dawo gida. Sansanin wurin aiki ne, baƙo iyakarsa bakin hanya, can na tsaya har ayarinsu ya wuce da mota tana bin su da gorunan ruwa. Tsarin zaman cikinsa sananne ne: daga Litinin zuwa Asabar 'yan wasa suna nan nesa da iyali, suna kwana a ƙananan ɗakuna, ana raba shara da wanke banɗaki bi da bi, kuma layin yakan zo kan Eliud Kipchoge kamar yadda yake zuwa kan sabon shiga. Kipchoge ɗan ƙauyen su Sang ne a Nandi. Yana saurayi mai kai madara kasuwa a keke ya je ya roƙi Sang ya rubuta masa tsarin atisaye. A 2003, yana da shekara 18, ya kayar da Hicham El Guerrouj da Kenenisa Bekele a mita 5,000 a Faris. Da ya kasa samun gurbin Olamfik ta 2012, shi da kocinsa suka juya zuwa gudun kilomita 42. Abin da ya biyo baya duniya ta sani: zinaren Olamfik a 2016 da 2021, awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022, da kuma gudun Biyana na 12 ga Oktoba 2019 da ya gama a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi a tarihin hukuma ba saboda yadda aka shirya shi. Fiye da shekara ashirin, koci ɗaya, kuma kowane atisaye yana rubuce a littafinsa. A sansanin ne Faith Kipyegon, wadda ta ci gasar matasa ta duniya ba takalmi a 2011, ta dawo da ƙarfinta bayan haihuwa a 2018, har ta haɗa zinaren Olamfik uku a jere a mita 1,500.

A kan wannan hanya ta Kaptagat ne Kelvin Kiptum ya rasu a haɗarin mota ranar 11 ga Fabrairu 2024, yana da shekara 24, wata huɗu bayan ya kafa tarihin duniya na gudun kilomita 42 a Shikago da awa 2 da daƙiƙa 35. Tare da shi kocinsa Gervais Hakizimana ɗan Ruwanda ya rasu, mutumin da ya san shi tun yana yaro mai kiwo yana bin ayarin manya a gefen daji. Direbana ya rage gudu da muka zo wurin, ya ce har yanzu mutanen yankin ba su gama jimami ba.

Zan ci amanar mai karatu idan na ce komai a Iten haske ne. Kuɗin da ke ɗaga iyali daga talauci shi ne kuma ke jawo ɓarna, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Sinadarin EPO da jiki ke samarwa a kan tudu akwai na allura, kuma an kama 'yan tseren Kenya da dama da shi, cikinsu har da Jemima Sumgong da ta ci zinaren Olamfik a 2016. Ƙasar ta kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a 2016, a 2022 kuma gwamnati ta yi alkawarin kashe dala miliyan 5 kowace shekara har shekara biyar a kan matsalar. Kocin da na zanta da shi ya yi maganar da ɗaci. A cewarsa mai allura abokin ɗakinsa yake fara yi wa sata kafin ya yi wa Bature, domin ya lalata ma'aunin da na baya ke auna kansa da shi. Sai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A Oktoban 2021 aka tsinci gawar Agnes Tirop a gidanta a Iten, tana da shekara 25, wata guda bayan ta kafa tarihin duniya a kilomita 10 na mata zalla, aka kuma gurfanar da mijinta a kotu. 'Yan uwanta 'yan tsere sun kafa ƙungiyar Tirop's Angels don kare mata daga cin zarafi. Yarinyar da ta fara samun kuɗi tana ƙarama tana buƙatar mai kare ta daga masu zuwa da sunan so ko sunan horarwa, kuma garin ya fara faɗin haka da babbar murya.

Akwai kuma gaskiyar da kowa a garin ya sani: mafi yawan masu cika hanyoyin nan da asuba ba za su taɓa cin babbar gasa ba. Wasu za su samu aikin ɗan sanda ko soja ko gandiroba ta dalilin gudu, wasu gurbin karatu a Amurka, wasu su zama masu ja wa manya hanya a biya su, da yawa kuma su koma gona. Na zauna da wani magidanci mai shagon gyaran takalma wanda ya yi shekaru yana nema bai dace ba. Har yanzu yakan fita da ayari kafin ya buɗe shago, kuma shi ne ke tattara yaran unguwarsu ranar Asabar. Na tambaye shi ko yana da-na-sanin shekarun. Ya ce gudu bai ba shi mota ba, amma ya raba shi da giya, ya ba shi abokai, ya koya masa tashi da wuri, kuma ranar da bai fita ba jikinsa ba ya masa daɗi. Irin waɗannan mutane su ne ƙasar da zakaru ke tsirowa a kai. Don kuɗi yawanci ake shiga, amma wanda ƙaunar abin ba ta kama shi a hanya ba, ba ya kai shekara ta uku.

A hanyar dawowa tunanina ya koma gida. Muna da tuddai: Jos na kan kusan mita 1,200, Mambila ta fi haka tsayi, kuma 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne suka saba zuwa gaba a cikin 'yan Najeriya a gasannin dogon zango. Muna da yara masu baiwa. Duk wanda ya taɓa halartar wasannin intahaus na makarantun sakandare ya ga yaron da ke zagaye fili ya bar tsaransa da rabin zagaye. A tafa masa, a ba shi bokiti ko kofin roba, shi ke nan sai baɗi. Abin da ya rasa shi ne malamin da zai ce masa ya dawo gobe da safe, da jibi, da gata, da ayarin da zai shiga, da gasa a kai a kai da zai auna kansa. Iten ba ta fara da babban filin wasa ba, da makarantar sakandare ta fara da malamin labarin ƙasa mai haƙuri. Duk jihar da ke son zakaru ta fara da riƙe malaman wasanni a makarantu, ta biya su, ta bar su wuri ɗaya shekaru masu yawa, ta shirya tseren ƙetare daji tsakanin makarantu kowane zango, 'yan mata a ciki, tare da kulawar da za ta kwantar wa iyaye hankali. Tsofaffin 'yan tserenmu kuma a jawo su kusa da yara, a ba su matsayin da ya dace da su. Aikin ba ya nuna sakamako a wa'adin gwamna ɗaya. Tsakanin zuwan Buroda Colm da zinaren Peter Rono shekara 12 ne. Wanda ya yarda ya yi wannan jira, Allah ba zai hana shi ganin amfanin wahalarsa ba.